Fumfuna ta cinye min bangon ɗaki, na goge ta dawo

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema. Muna haya a Tudun Wada, Kaduna, ciki da falo. Tun da ruwan Agusta ya kankama, bangon uwar ɗaka, wanda ya haɗa da banɗaki, ya yi baƙi daga ƙasa har kusan gwiwa. Ranar da na janye durowar kaya na ga abin da ya tayar min da hankali: bayanta duk fumfuna, takalman maigida da jakar fata ta lefena sun yi kore shar. Ga wari, ko turaren wuta ba ya danne shi. Na wanke da omo da ruwan zafi, kwana goma ba a yi ba ta dawo. Abin da ya fi damuna 'yata mai shekara 4 tana da asma, yanzu tari ba ya barinta barci. Mai gidan ya ce a shafa fenti kawai. Fenti zai kashe fumfunar?

Baba Magini:
Wa alaikumus salam 'yata. Kada ki zubar da kuɗinki a fenti yanzu. Na tsufa a aikin gini, ban taɓa ganin fenti ya zauna a jiƙaƙƙen bango ba, kumbura yake yi ya ɓare, musamman mai mai. Fumfuna danshi take bi, sai an gano ta inda ruwan yake shigowa.

Ki samu farar leda kamar faɗin faranti, ki manna a wurin da salatif ta ko'ina, ki bar ta kwana biyu. In raɓa ta taru a bayanta, ta ɓangaren bango, to ruwan daga cikin ginin yake. In a samanta ne, iskar ɗakin ce ta yi laima.

Tunda kin ce banɗaki na jingine, na fi zargin bututun famfo da aka binne a bango. Amma maigidanki ya zagaya ta waje lokacin da ake ruwa, ya duba ko ruwan kwano ko na indararo a gindin katanga yake zuba. Gidajen haya da yawa ba a shimfiɗa musu leda a tushe ba, sai bulo ya riƙa tsotsar ruwan ƙasa kamar lagwani. Irin wannan za ki ga har da farin gari kamar gishiri, filasta tana marmashewa.

Anti Nas:
Maman Ilham, fara da yarinyar. Ki mayar da shimfiɗarta falo yau ɗin nan, ki kai ta asibiti a duba ta, fumfuna tana tayar da asma sosai. Wajen wankewa kuma, Hypo kofi ɗaya a ruwa lita 4. Ki sa safar hannu da takunkumi, ki buɗe taga da ƙofa, yara su fita. Ki jiƙa wurin kafin ki goge, in kika kankare shi a bushe ƙurarsa za ki shaƙa. Don girman Allah kada ki haɗa Hypo da ruwan khal ko maganin wanke masai, hayaƙin da suke fitarwa guba ne. Kwali ko tsumman da ta kama, ki zubar.

Uwargida Zariya:
Ni ma na sha wannan bara. Ki bar tazarar ɗani ɗaya tsakanin durowa da bango, ki daina shanya a ɗaki ko ana ruwa. Takalma da jaka ki goge ki baza a rana.

Maman Ilham:
Allah ya saka muku da alheri. Baba, na yi gwajin ledar, bayanta sharkaf. Mai gyaran famfo ya fasa bangon ya tarar mahaɗar bututu ce ke ɗiga, ya canza. Ilham tana falo, tarin ya lafa. Yaushe za a iya yin fentin?

Baba Magini:
Madalla 'yata. A kankare ruɓaɓɓiyar filastar, a bar bulon a buɗe ya sha iska har hunturu ya shigo. In kin sake manna leda ta fito a bushe, a yi sabuwar filasta da siminti mai maganin hana ruwa, ita ma ta samu kamar wata guda, sannan fenti.