Littattafan bincike, ina ake samu a Kano?

Ɗan Gwale: Salam 'yan uwa, na gaji da littattafan soyayya wallahi. Ina neman na bincike, irin a tsinci gawa a rasa wa ya yi kisan. Ina zan samu?

Maman Hanif: Leƙa Sabon Gari wajen masu tsofaffin littattafai, na Turanci kam akwai, na Hausa ne sai an tona.

Bakano: Matsalar namu tun shafi na 10 ka gane kishiya ce ta zuba guba, sauran duk kuka ne da zaryar gidan boka, ɗan sanda kuwa sai an gama komai yake isowa.

Ummin Fagge: Haba malam, gara kishiyar ma, wani marubucin in ya rasa mafita sai kawai ya ɗora wa aljani kisan. Ni kuwa so nake a ɓoye min alamu in kamo shi da kaina.