Gara ta shiga ɗakin katakon lambuna, me zan yi kafin damina?

Baban_Walida:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sanin harkar katako a taimaka min da shawara. Ina da ɗan ɗaki na katako a lambuna nan wajen Kura, shekara 3 kenan da kafa shi, rufin kwano ne, a ciki nake ajiye injin ban ruwa da tiyo da taki da su fartanya, gabansa kuma akwai 'yar rumfa da muke fakewa in rana ta take. To jiya na jingina buhu da bango sai naji katakon ƙasa ya lotsa kamar biredi, na sa wuƙa na ɓantara, wallahi ciki duk ƙasa ce, fentin ne kawai ya rage a waje yana rufa masa asiri. Ƙafafu biyu na baya ma haka suke. Ƙofar kuma tun hunturu ta karkace sai an cicciɓe ta take rufuwa. Wanda yayi min aikin cewa yayi in sayo fenti a sake mulka masa shikenan, ni dai hankalina bai kwanta ba. Gyaruwa zai yi ko in haƙura in rushe? Ga Afrilu ta kusa ƙarewa.

Tsohon_Kafinta:
Wa alaikumus salam. Baban Walida kar ka ɓata kuɗinka a fenti tukuna, fenti baya kashe gara, ita dama daga ciki take ci ta bar maka fatar. Tambaya ɗaya zan maka kuma na san amsar: ƙafafun nan a rami aka binne su ko? In eh to nan matsalar take gaba ɗaya. Gara a ƙasa take zaune, danshi take bi, kai kuma lambu gareka kullum ƙasa a jiƙe, an dasa mata katako a bakinta, ai ka gayyace ta walima ne.

Abin da zaka yi, ka samu sukundireba ka bi katakon ɗaya bayan ɗaya kana ƙwanƙwasawa kana sokawa, wanda yayi ƙara kamar ganga ko ƙarfen ya shige ba wahala ka cire shi ka ƙona can nesa, kar ka ce bari in ajiye a gefe zai yi amfani. In saman lafiya yake ba sai ka rushe ba, ana tokare ɗakin a yanke ruɓaɓɓen gindin, a gina 'yar ƙafa ta bulo da siminti a ƙarƙashin kowace ƙafa, ta ɗaga daga ƙasa aƙalla inci 6, ni na fi son inci 9 tsawon bulo guda saboda fantsamar ruwa. Tsakanin bulon da katakon a sa guntun kwano ko shimfiɗar kwalta don kar danshi ya hau. Amfanin ɗagawar ba wai gara bata iya hawa bane, tana hawa, amma dole ta gina hanyarta ta laka a jikin bulo inda idonka zai gani, sai ka kankare ka zuba magani.

Sannan wane katako aka sa maka? In farin nan ne mara nauyi obeche, to shi na silin ne da kayan cikin gida, baya jure waje. Na ƙasa ka nemi iroko ko maɗaci in aljihu zai ɗauka, ka shiga 'yan katako na Na'ibawa da kanka ka ɗaga kaji nauyi, kuma busasshe, ɗanye shi ne yake karkacewa in iskar hunturu ta buge shi kamar yadda ƙofarka tayi.

Dan_Tasha88:
Ni fa duk wannan dogon lissafi ne. Je wajen bakanike ka karɓo baƙin mai galan ɗaya ka haɗa da kananzir ka shafe shi tas, shagon yayana haka akayi masa har yau gara bata taɓa ba lol

Maman_Sadiq:
Dan Tasha a shagon bakin titi wataƙila, amma wannan lambu ne fa. Baƙin mai in ruwa ya wanke shi ina zai je? Cikin ƙasar da yake shuka tumatir da albasa, ko rijiyar da yake ban ruwa da ita. Ga shi yace inji yake ajiyewa a ciki, wato akwai fetur, ka jiƙa katako da mai da kananzir ka ajiye fetur kusa, Allah ya kiyaye. Kuma in ka shafa shi fenti baya kamawa sosai bayan nan, rana na yi yana tsattsafowa ya ɓata ma mutum riga.

Mu Solignum, maganin kare katako daga gara, muka sa ma ɗakin kajinmu, a wajen masu kayan gini ake samu, mun shafa sau biyu muka bar shi ya sha iska kwanaki kafin a mayar da kajin. Abin da mai aikin ya nuna min shi ne bakin katako inda zarto ya yanka nan yafi shan ruwa, sai ya tsoma wajen a cikin bokitin maganin ya bar shi ya sha ya ƙoshi maimakon shafawa da burushi kawai. A sa safar hannu da takunkumi dan Allah, warinsa ba wasa.

Wani abu kuma Malam, takin zamanin nan da kake ajiyewa musamman yuriya yana jan danshi kuma yana cin ƙarfe, zaka ga ƙusoshi da kwanon wajen sun yi tsatsa da wuri. Ka ɗora buhunan akan wani abu su bar ƙasa, kar su jingina da bango.

Alhaji_Na_Gona:
Yaran zamani kun bar azara kun kama katakon kudu. Soron gidanmu azarar giginya ce tun kakanmu tana nan, gara sai dai ta leƙa ta wuce. In zaka samu mai kyau, baƙar ta bayan itacen ba farar tsakiya ba, yi ginshiƙan da ita. Wahalarta ɗaya ƙusa bata shigarta da daɗi, sai an huda ko a ɗaure da waya. Kuma ka zagaya lambun ka duba ko akwai suri kusa, ko tsohon kututture da aka bari a ƙasa, yawanci daga nan take tasowa. Ranar da akayi ruwan farko ka lura da inda shinge ke fitowa da magariba, gidansu na nan.

Baban_Walida:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba kafinta ka canka, a rami aka binne su, ko siminti ba'a zuba ba. Alhaji akwai kututturen mangwaro da na sare bara a bayan ɗakin, ban taɓa kawo shi a raina ba. Toh fentin fa, in yi yanzu ko in bari? Kuma rufin yana ɗan yoyo ta wajen ƙusa.

Tsohon_Kafinta:
Tone kututturen nan da saiwarsa tun kafin komai. Fenti yanzu ne lokacinsa, ƙurar hunturu ta kwanta ruwa bai sauka ba katako a bushe yake ƙayau, in ka bari Yuni ta shiga kayi akan danshi zai kumbura ya ɓare kafin Agusta ta fita. Ka goge tsohon da samfefa, magani ya fara shiga ya bushe, sai fentin mai, a shafa sau biyu, da safe ko da yamma ba da tsakar rana ba. Yoyon kuma hau ka duba, in a kwarin kwanon aka buga ƙusar to kuskure ne, a tudun ake bugawa kuma da mai hula da roba. Toshe tsoffin hujin da kwalta. In bakin kwanon bai fito ya wuce bango da kamar ƙafa ɗaya da rabi ba a ƙara masa, ka kuma ja 'yar kwata ta janye ruwan daga gindin ɗakin. Ƙofar a buga mata katako a karkace, daga ƙasa ɓangaren hinji zuwa sama ɓangaren sakata, zata daina zubewa. Ka ɗauko hoton ƙafafun gaban ma ka turo mu gani, ina zargin suma ta fara.