Sati 6 ina zana musu manhaja, sun rufe min magana da layi ɗaya

'Yar uwar adashi: Assalamu alaikum 'yan gida. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne ya tsaya min a rai. Ummanmu uwar adashi ce tun ina firamare. Mata 32 ke zubi a wajenta, duk lissafin a wani littafi mai baƙin bango da man girki ya taɓa har shafukan suka koma kamar takardar ƙosai. Bara da damina littafin ya jiƙe, aka yi rigimar da har yau wata maƙwabciya ba ta amsa gaisuwarmu. Shi ya sa da na ci karo da wata buɗaɗɗiyar manhajar lissafin adashi (wadda kowa zai iya ganin kod ɗinta ya gyara) a GitHub, shafin da masu kod ke ajiye ayyukansu, ta wasu 'yan sa-kai su huɗu, na ji kamar an yi min bushara. Na saka wa Umma a itel ɗinta. Ta fi minti 10 tana laluben inda za ta rubuta zubin ranar, ashe maɓallin na ɓoye a cikin layuka ukun nan na kusurwa. Ƙarshe ta miƙo min wayar ta ce in sayo mata sabon littafi.

Ni zane na iya, ban iya kod ba, wato rubuta manhaja. Na zauna a manhajar zane ta Figma da datata na sake fasalin shafuka 14, na buɗe ishu ɗaya, wato wurin kai musu ƙorafi ko shawara, na zuba duka. Sati uku shiru. Jiya jagoran ya rubuta cewa ba su da hannun da zai ɗauki wannan, ya rufe. Abin haushin, ɗaya daga cikinsu ya tsinci kalolina kaɗai ya saka, rubutu toka-toka a kan fari, ko ambatona bai yi ba. In sake magana ne, ko in tattara nawa-i-nawa?

Tsohon hannu: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kafin ki fara kin tambaye su? Na san amsar. Shafi 14 a wajenki zane ne, a wajensu aikin watanni ne da daddare bayan an taso daga wajen neman abinci. Kin shiga gidan mutane kin tarar suna gyaran famfo, kin miƙa musu taswirar bene. Ki koma da abu ɗaya tak: maɓallin zubi ya fito fili a shafin farko. Batun toka-tokar nan kuma kada ki ce bai yi kyau ba, kowa da idonsa. Ki ce ƙa'idar WCAG, ta sauƙaƙa wa kowa amfani da shafukan intanet, tana son bambancin haske tsakanin rubutu da bango ya kai 4.5 zuwa 1, jagorar Android kuma ta ce wurin dannawa kada ya gaza 48dp, ma'aunin girma a fuskar waya. Mai kod ba ya musu da lamba.

'Yar uwar adashi: Yaya, su fa suka rubuta a shafinsu cewa suna neman mai zane. Ba kutse na yi ba. Kuma zanen ba ya rabuwa, kowane shafi da na gabansa yake tafiya.

Malamin fassara: Ke kin ma samu layi ɗaya. Ni jimla wajen 900 na fassara wa wata manhaja a shafin fassara na Weblate, kyauta. Da ta fito, salon harafin da suka zaɓa ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, sai akwatuna. Na yi ƙorafi, aka ce in rubuta k da d kawai mana. Maɓallin "Ƙara" ya koma "Kara", kamar na rufin ɗaki. Na ce salon harafin Noto Sans na da haruffan nan duka, kuma kyauta ne. Shekara guda ke nan. Ga maɓallan an yanka su daidai tsawon Turanci, Hausarmu rabi a ciki rabi a waje.

Ɗan Sabon Gari: Hajiya ki yi fok kawai, ki kwafi kod ɗin ki kafa taki. Amfanin buɗaɗɗiyar manhaja ke nan. Haka manhajar ofis ta LibreOffice ta ɓalle daga OpenOffice a 2010, haka aka samu fuskar kwamfuta ta MATE da mutane suka ƙi fasalin GNOME 3 a 2011.

Tsohon hannu: Fok da wa? Ta ce ba ta iya kod ba. Waɗanda ka lissafo masu kod ne suka tashi da kayansu gungu guda. Misalin da ya dace da ita manhajar zane ta Blender ne: sai a sigar 2.80, a 2019, suka mayar da zaɓar abu zuwa dannawar hagu, kuma daga cikin gida aka yi, bayan shekaru ana jayayya. Sannan ƙanwata, Figma ma kuskure ne. Rufaffiya ce, wasu masu buɗaɗɗen kod ko mahaɗin ba za su danna ba. Ki koma Penpot, buɗaɗɗiyar manhajar zane, ko ki liƙa hotunan kai tsaye a cikin ishun.

Ɗan Sabon Gari: Malam kai komai sai ka ce a yi haƙuri. Yarinya ta ƙona data sati 6, an kwashe mata kaloli.

Maman Biyu: Ni abin da na gani daban ne. 'Yata, labarin Umma da wayar nan kin saka shi a ishun? Don shi ne hujjarki, ba kyan zanen ba. Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da manhaja, ya rubuta tun 2000 cewa gwaji da mutum biyar yana fito da mafi yawan matsalolin amfani da manhaja. Ke kuwa 32 gare ki a tsakar gida. Ki ba biyar wayar, ki ɗauki hannunsu kawai a bidiyo, da sunayen ƙarya a lissafin, ki tura. Maigidana ma haka yake, sai ya gani da ido. Shekara biyu ina cewa matakalar shagonsa ta yi tsayi, sai da mahaifiyarsa ta yi tuntuɓe.

'Yar uwar adashi: Ban saka ba Mama, na ga kamar zanen ya isa ya yi bayanin kansa. Kuma Umma ba za ta yarda a ɗauki harkar kuɗin mutane a bidiyo ba, ko da hannu ne. Ni dai abin da ya fi ci min rai kalolin nan ne. Ko na gode babu.

Tsohon hannu: Wane lasisi kika ɗora wa zanen? Su kuma lasisin MIT suke kai ko na GPL?

'Yar uwar adashi: Ban duba ba. Sai an kawo wuta, cajina saura 4.

Malamin fassara: In kin duba ki gaya min ko ƙ tana fitowa a tasu.