Taƙaitawa: bitar sabuwar fasaha mataki-mataki

Abin da aka faɗa kan ma'aunin NASA (hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka) mai matakai 9, wanda ke nuna ko sabuwar fasaha ta shirya fara aiki:

1. Kowane sashe a auna shi daban. Na'ura ba ta wuce matakin sashenta mafi rauni, ko batir ne.
2. A rubuta sharuɗɗan tsallakewa zuwa mataki na gaba kafin gwaji, kuma mai ƙira kada ya yi wa kansa bita.
3. An fi tuntuɓe tsakanin mataki na 4 da na 6: abin da ya yi aiki a ɗakin gwaji yakan mutu idan ya sha zafi da girgiza.

Saɓani: wasu sun ce mataki na 6, gwajin samfuri a yanayi mai kama da wurin aiki, ya isa a fara cikakkiyar ƙira. Wasu sun dage kan na 7, gwaji a ainihin wurin aiki. Hujjar masu na 7 ta fi gamsar da ni, sai dai tsada.