Me za mu kira "journaling" da Hausa? Ni dai kundin kullum na zaɓa

Jama'a, assalamu alaikum. Kalmar nan ta Turanci, journaling, ta cika intanet, mu kuma har yanzu ba mu tsayar mata da suna ba. Abin da ake nufi shi ne mutum ya ware 'yan mintuna ya rubuta wa kansa abin da ya wakana yau, abin da yake son yi gobe, da abin da ya samu wanda ya cancanci godiya. Shi kaɗai ne marubucin, shi kaɗai ne mai karantawa.

Mu fara duba tushe. Journal daga Faransanci ta fito, inda jour ke nufin rana. Diary kuwa daga Latin, dies, ita ma rana. Larabawa suna cewa yaumiyyat, daga yaum. Ke nan kowa a kan rana ya gina sunan, mu ma bai kamata mu bar ta a baya ba.

Jarida da mujalla sun fita tun farko, domin don jama'a ake buga su. Dayari fa? Muna faɗa, kuma ba na ƙin aron kalma. Amma a kunnen yawancinmu, dayari shi ne littafin nan mai kwanan wata a buge saman kowane shafi, wanda ake cika shi da lambobin waya da ranakun taro. Ya kama ɓangaren tsari, ya saki na zuciya. Wasu sun kawo littafin sirri. Wannan ya fi damuna: yarinya ta ce wa mahaifiyarta tana da littafin sirri, kafin ta rufe baki an fara tambayar me take ɓoyewa. Sunan da zai sa abu mai kyau ya zama abin zargi bai dace ba.

Shi ya sa na tsaya a kan kundi. Kundi tarin takardu ne da mutum ya haɗa wa kansa, yana ƙara masa kaɗan-kaɗan, yana komawa gare shi in bukata ta taso, kuma ba ya ba da shi aro. Kalmar ta riga ta nuna tana iya ɗaukar sabon kaya, tunda ga kundin tsarin mulki, ga kundin digiri. Na san za a ce ta yi nauyi ga layi uku da aka rubuta kafin barci. To, kullum ita ce ke sauke nauyin, kamar yadda muke cewa aikin kullum.

Ku gwada ta a baki. "Kin rubuta kundinki yau?" Ta zauna. A shafin za ka ga: Talata. Auta ya ɗaura igiyar takalminsa da kansa, ya zo yana nuna wa kowa. Gobe in kira Yaya kafin ta fita aiki. Alhamdulillahi, ciwon kan nan ya sauka. Tunawa, shiri da godiya duk sun shiga, suna ɗaya ya ɗauke su.

Kuma tana haihuwa. Gratitude journal ya zama kundin godiya. A binciken da masana halayyar ɗan Adam Robert Emmons da Michael McCullough suka wallafa a 2003, an sa wasu ɗalibai su riƙa rubuta abubuwa har biyar da suke godiya a kansu, aka ga sun fi jin daɗin rayuwarsu a kan waɗanda aka sa rubuta abubuwan ɓacin rai. Mako-mako suka yi rubutun, wanda zai sa wani ya ce ina kullum ɗin? Ai Bahaushe in ya ce wane kullum yana zuwa, ɗabi'a yake nufi, ba ya ƙirga ranar da aka yi fashi. Tsarin bullet journal da Ryder Carroll ya fito da shi a 2013, wanda ake jera gajerun layuka da ɗigo a gabansu, sai mu ce kundi mai ɗigo. Ta waya kuma manhajar kundi.

Abu ɗaya nake roƙo: in a karin harshenku kundi na da wata ma'ana da za ta ɓata wannan, ku faɗa mana tun kafin sunan ya bi baki.