Abin da ke karya ƙananan kulob ɗin rugbi a Yokshiya

Da masu horarwa da sakatarorin kulob-kulob na gasar gundumar Yokshiya a Ingila suka tattauna, bakinsu ya zo ɗaya cewa rashin 'yan sahun gaba ne babban ciwo. A sikiram, wato tureniyar da mutum takwas-takwas ke yi kafaɗa da kafaɗa, ukun gaba dole su kasance horarru, domin wuyansu ne ke ɗaukar nauyin. In babu su, alƙalin wasa zai hana tureniyar. Shi ya sa suka ce a riƙa horar da aƙalla mutum biyar a wannan gurbi tun kafin a fara kakar wasa a Satumba, kada a jira sai wani ya ji rauni.

Kamu ma ya canza. Tun 2023 hukumar rugbi ta Ingila, wato RFU, ta ce a ƙananan wasanni a kama abokin hamayya daga ƙasan ƙashin ƙirji. Tsofaffin hannu, da suka saba rungumar ƙirji, su ne ke yawan jawo bugun laifi.

Wanda ya bugu a ka, a fitar da shi nan take, kuma ba ya komawa wasa kafin kwana 21, ko da ya rantse ya warke.

Kan makin teburin gasa kuwa, nasara 4 ce, canjaras 2. Akwai ƙarin maki ɗaya ga wanda ya ajiye ƙwallo sau huɗu a gidan abokin hamayya, ko aka doke shi da tazarar da ba ta wuce 7 ba. Don haka ko ana shan kashi, a buga har minti na 80.

Ranar sanyi a duba fili da sassafe. In ƙasa ta daskare, a sanar da baƙi kafin su hau mota.