Na'urar ƙirga muon ko ƙara wa kwamfuta ƙarfi?

Ɗalibin Jidda: Assalamu alaikum. Ina aji uku a fiziks, na tara riyal 900 daga aikin Ramadan. Burina digiri na biyu a jami'ar kimiyya da fasaha ta KAUST da ke Thuwal a Saudiyya. Shin in harhaɗa na'urar ƙirga muon (ƙananan ƙwayoyi marasa ganuwa da ke saukowa daga sararin sama) irin CosmicWatch ta jami'ar MIT ta Amurka, in auna a Jidda, in hau da ita Ɗa'if in kwatanta? Ko in ƙara wa kwamfutata RAM, wato ma'adanar aiki, in duƙufa kan yaren shirya manhaja na Python? Kuɗin ba zai ɗauki duka biyu ba.

Ɗan Madina: Wa alaikumus salam. Sayi 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi kawai.

Ɗalibin Jidda: Yaya, na'urar da ƙaramin allon lantarki na Arduino Nano take aiki.

Mai Lantarki: Ƙanena, ni na sha wannan wahalar. Na yi odar ƙwayar gane haske, SiPM, daga wani ɗan kasuwa a intanet. Kayan suka makale a hanya har lokacin miƙa aikina ya wuce. Da suka iso, jabu ne, ko motsi babu. Na yi ta rubuta masa, ya toshe ni. Kuɗin da mahaifiyata ta tara daga ɗinki ne, wallahi har yau abin na ci mini rai.

Ummu Yara: Allah Ya mayar maka da alheri. Amma masu CosmicWatch sun ce kusan dala 100 ce, riyal 375 kenan.

Mai Lantarki: Hajiya, a Amurka ba. Ni na haura 800 da kuɗin aike.

Malamin Sakandare: Ɗalibai biyu su yi karo-karo, 500 ta isa. A gaɓar teku kusan muon ɗaya ke ratsa kowace murabba'in santimita a minti guda. Ɗa'if ta kusa mita 1,900, za ka ga ƙari da idonka. Wannan bincike ne na gaske, ɗana.

Ɗan Madina: Malam ne ya karanta fiziks, shi za a saurara.

Mai Lantarki: Karatu daban, riƙe dalma daban. Wa ya taɓa haɗa ta a cikinku?

Direban Hada: Idan za ka hau, ka rufe gilashi. Birran dutsen Hada da ke hanyar Ɗa'if sai su ƙwace na'urar su riga ka shiga KAUST!

Ummu Yara: Ni abin da ke damuna, me ya sa yaro zai sayi komai daga aljihunsa? Inda ɗana yake karatu akwai osiloskop, na'urar duba siginar lantarki, a kulle cikin kabad, mai mukulli kuma bayan la'asar ba a ganinsa.

Ɗan Madina: Mu ma haka. Sai ka kawo takarda mai sa hannu uku.

Ɗalibin Jidda: To batun RAM ɗin fa?